Yadda ake zuwa Tibet a ga gidajen ibadar 'yan Buda ba tare da an maido ka daga hanya ba

Duk wanda yake shiga Chaina, ko ɗan kasuwa mai zuwa Gwanzu sarin kaya ko ɗalibi mai karatu can, ya san in dai bizarka na hannu zaka iya yankar tikiti ka tafi kusan duk garin da ranka ya so, ba mai tambayarka. Toh Tibet ba haka take ba. Yankin da hukumar Chaina take kira Xizang, wanda Lhasa ce babban birninsa, baƙo ɗan wata ƙasa baya shiga shi kaɗai, dole sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, da takardar izini ta musamman wato famit, da ɗan jagora da zai riƙa binka, da mota da direba in zaka fita daga gari. Kuma abin da mutane basu cika ganewa ba sai sun isa shi ne, wurin da ba a rubuta cikin famit ɗinka ba, ba zaka ganshi ba ko da kuɗinka a hannu ko da kana hango shi daga tagar mota. Don haka rabin tafiyar nan a gida ake yinta tun kafin ka biya ko kwabo.

Mataki na ɗaya: zaɓi lokaci

Kar ka sa tafiyarka a watan Fabrairu ko Maris. Tun bayan tarzomar da aka yi a Lhasa a Maris ɗin 2008 an saba rufe yankin ga baƙi a wannan tsakanin, saboda ranar 10 ga Maris ita ce ranar tunawa da boren 1959, shekarar da Dalai Lama na 14, babban shugaban addinin 'yan Tibet, ya tsere zuwa Indiya, ga kuma bikin sabuwar shekarar 'yan Tibet da suke cewa Losar yana faɗowa kusa da nan. Ba a cika yin sanarwa ba, famit ne kawai zai daina fitowa, galibi sai wajen Afrilu a sake buɗewa.

Afrilu zuwa Yuni da kuma Satumba zuwa Oktoba su ne suka fi, sama a washe kana ganin duwatsu sarai. Yuli da Agusta damina ce kuma lokacin ne 'yan Chaina masu hutu suke cika ko'ina, haka ma makon farko na Oktoba da ake hutun ƙasa, tikitin jirgin ƙasa ma sai an sha wuya. Lokacin sanyi wato Nuwamba zuwa Janairu komai ya fi araha kuma a lokacin ne makiyaya da mutanen ƙauye suke kwararowa Lhasa ziyarar ibada, in kana iya jure sanyi gaskiya a nan zaka ga abin kallo. Kuma ka duba kalanda kar ta haɗu da azumi, wurin da ake so kayi ta shan ruwa duk yini ba wurin azumi ba ne.

Mataki na biyu: je ka ga likita, musamman kan jininka

Wannan na sa shi gaba da biza da gangan. Lhasa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,650 daga teku, iskar da kake shaƙa a can oksijin ɗinta bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na wanda ka saba ba, kuma Lhasa ce ma wuri mai sauƙi, hanyar Shigatse, birni na biyu a yankin, akwai inda mota take hawa kusan mita 5,000. Mai sikila SS ko SC wannan tafiya ba tashi ba ce, ya haƙura. Mai AS ma da yake ganin lafiyarsa ƙalau, an san ƙarancin oksijin a kan tsauni yana iya toshe jini a saifarsa, ciwo mai tsanani a gefen ciki na hagu, kuma mu a wajenmu masu AS suna da yawa sosai, wasu ma basu taɓa gwadawa ba. Kamfanonin can ba lallai su tambaye ka wannan ba don ba cutar da suka saba gani ba ce, kai ne zaka tambayi kanka. Yi gwajin jini, ka gaya wa likita ainihin tsayin wuraren da zaka, in ya ce a'a toh a'a ɗin ce. Haka mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai asma mai tsanani da mace mai juna biyu.

Akwai maganin da ake cewa acetazolamide ko Diamox da ake farawa kwana ɗaya kafin a hau, yana taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne zai rubuta maka, ba mai kemis ba.

Mataki na uku: biza

Famit baya maye gurbin biza, sai kana da bizar Chaina tukuna ake nema maka shi. A Najeriya cibiyar karɓar takardun biza tana Abuja da Legas. In bizar yawon buɗe ido ce mai harafin L, hoton fasfo da hoton biza kawai kamfani zai nema. In ta kasuwanci ce mai M sai ka haɗa da wasiƙa daga kamfanin da ya gayyace ka, ɗalibi mai X wasiƙar makaranta, ma'aikaci mai Z takardar wurin aiki. 'Yan jarida da masu fasfon diflomasiyya su kamfanin yawo baya iya nema musu, hanyarsu daban ce ta ofishin harkokin waje. Kuma ka fara magana da kamfanin kafin ka cike fom ɗin biza, su ne suka san yadda ake tsara jadawalin garuruwa a fom a daidai lokacin, don abin yana canzawa, sai dai ni shawarata kar ka rubuta garin da ka san ba zaka taka ba.

Masu shigowa ta Nepal nasu daban ne, a ofishin jakadancin Chaina na Kathmandu aka saba basu bizar rukuni, kuma takan soke duk wata bizar Chaina da ke cikin fasfonka. Ɗan kasuwan da yake da biza mai shiga da fita sau da yawa ya kiyaye, kar ya yi asararta a banza saboda yawon mako guda.

Mataki na huɗu: kamfani da famit, nan ne aikin yake

Nemi kamfanin da yake da ofis a Lhasa ko Chengdu, kuma in son samu ne wanda jagororinsa 'yan Tibet ne, domin wanda ya tashi yana zuwa waɗannan wurare da kakarsa bayaninsa ba ɗaya yake da na wanda ya haddace takarda ba. Kafin ka tura kuɗi ka tura musu hoton fasfonka ka ce su tabbatar maka a rubuce cewa suna iya nema wa mai fasfon ƙasarka famit a wannan watan, kuma ka tambayi me zai faru da kuɗinka in famit bai fito ba ko aka rufe yankin bayan ka biya. Kamfanin da ya fara kame-kame kan wannan tambayar, bar shi.

Famit ɗin kala-kala ne. Na farko shi ne na shiga Tibet wanda hukumar yawon buɗe ido ta yankin take bayarwa, shi ake dubawa kafin ka hau jirgin sama ko na ƙasa. Na biyu na 'yan sanda ne, na zuwa wasu yankuna bayan Lhasa, jagora ne yake karɓo shi da fasfonka bayan ka iso. Na uku na soja ne, na wurare masu nisa kusa da iyaka irin su dutsen Kailash, shi kuma ya fi ɗaukar lokaci. Ka basu aƙalla kwana 20, wata guda ya fi kwanciyar hankali.

Yanzu zauna ka rubuta duk wurin da kake son gani, sunansa ɗaya bayan ɗaya, ka ce su saka a jadawali. Gidan ibadar Ganden misali da yawan gajerun tsare-tsare basa sa shi, na Samye ma haka, in baka faɗa ba tun farko ranar da ka tashi da sha'awarsu jagora zai ce maka babu a takarda, kuma ba rowa yake maka ba, shi za a tsare a shingen bincike. Ka tambayi kuma ko kuɗin tikitin shiga wurare yana cikin farashin, ko akwai tulun oksijin a mota, da ko za a riƙa kai ku shagunan sayar da duwatsun ado da magungunan gargajiya, don wasu masu arahar da nan suke fanshewa, a ajiye ku awa biyu a shago ana lallaɓa ku.

Shiga rukuni da wasu baƙi ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai komai da agogo, ba wanda zai jira ka. Ɗaukar mota da jagora naka kai kaɗai ko ku da abokanka ya fi tsada amma kai ke cewa a tsaya zan yi sallah, a ƙara min rabin awa a nan. In ku uku ne ko huɗu ku haɗa kuɗi ku ɗauki naku, ni dai shi na fi so wa Musulmi.

Famit baya zuwa Kano ko Yamai, ba a aika shi ƙasar waje. Otal ɗin da zaka sauka a cikin Chaina za a aika maka shi, a Chengdu ko Gwanzu ko Xining, don haka ka shirya kwana aƙalla ɗaya a can da adireshi sahihi. Jirgin sama asalin takardar ake nema, jirgin ƙasa an saba karɓar kwafi, amma ka tambayi kamfanin a makon tafiyar. Ka duba sunanka da lambar fasfo harafi-harafi da zarar ta iso, kuma in ka sabunta fasfo bayan an nemi famit toh ka ɓata shi.

Mataki na biyar: sama ko ƙasa

Daga Chengdu jirgin sama kamar awa biyu da rabi ne, ya sauke ka a filin Gonggar mai nisan kusan kilomita 60 daga Lhasa, jagora yana waje yana jiranka da farin gyale da suke cewa khata zai rataya maka a wuya, gaisuwar maraba ce. Matsalar jirgin sama ita ce tsalle ɗaya ka tashi daga ƙasa ka dira kan tsauni, jiki bai shirya ba.

An buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Lhasa ranar 1 ga Yulin 2006. Daga Xining kilomita 1,956 ne, kusan awa 21 zuwa 22, yana bi ta mashigar Tanggula mai tsayin mita 5,072, kuma daga Golmud ake sakin oksijin a cikin taragu. Akwai wanda yake tasowa tun daga Gwanzu amma sama da kwana biyu ne a zaune, sai mai haƙuri. Abin da ya fi shi ne ka sauka Xining ka kwana biyu, garin yana kan mita 2,200 da ɗoriya, jiki zai fara sabawa, ga Musulmi da yawa ga babban masallacin Dongguan ga abincin halal ko ta ina, sannan ka hau jirgi. Ka yanki gado ba kujera ba, mai gado huɗu a ɗaki ko mai shida.

Mataki na shida: kwana biyun farko, da sallah da abinci

Ranar da ka iso kar ka yi komai. Tafiya a hankali kamar mai jinya, ruwa da yawa, abinci kaɗan, kar ka ɗauki jaka mai nauyi ka hau bene da ita. Jagorori suna hana wanka a ranar farko don gudun mura, ka bi, alwala ma da ruwan ɗumi. Ciwon kai da rashin barci da kasala kusan kowa yana yi, suna wucewa cikin kwana biyu. Wanda ba a wasa da shi shi ne numfashi yana gagararka kana kwance, tari mai kumfa, tafiya kana tangaɗi ko magana tana rikicewa, wannan ka tada jagora ko ƙarfe nawa ne a tafi asibiti, kuma kar ka yarda a ƙara hawa da kai sama.

Duk Chaina agogo ɗaya ake bi na Beijing alhali Lhasa tana can yamma sosai, saboda haka rana bata karkatawa sai wajen ƙarfe biyu, kar ka duba agogo ka ga ɗaya ta yi ka tada azahar. Alƙibla kuma yamma take ba gabas ba. A otal zaka yi sallarka lafiya, a hanya ka gaya wa direba ya tsaya wurin da ba shinge ba kuma ba harabar gidan ibada ba, kai matafiyi ne kana da rangwamen ƙasaru da haɗawa.

Mutane suna mamaki in aka ce akwai masallaci a Lhasa, alhali babban masallacin garin tun 1716 aka fara gina shi, yana gabas da Barkhor, titin kasuwar tsakiyar gari, tafiyar ƙafa ce. Musulmin garin kashi biyu ne, 'yan ƙabilar Hui da kuma waɗanda ake kira Khache, jikokin 'yan kasuwar Kashmir da suka zauna tun zamanin Dalai Lama na 5 wanda ya basu fili. A unguwar masallacin akwai mahauta da gidajen taliya na halal, ka nemi koren allo mai rubutun Larabci. A bakin masallacin ne kuma ake cinikin wata tsutsa mai tsiro da ake tonowa a kan duwatsu ana sayarwa da tsadar gaske don magani, zaka ga mutum biyu sun sa hannu ƙarƙashin ƙyalle suna ciniki da yatsu ba mai jin farashi, ɗan kasuwa zai so ya tsaya ya kalli wannan.

Abincin 'yan Tibet kuwa, tsampa garin sha'ir ne soyayye da ake kwaɓawa da shayi, shi ba matsala. Shayinsu na man shanu da gishiri ne, kurɓar farko zaka yamutsa fuska, akwai kuma mai madara da sukari wanda ba baƙo ba ne a bakinmu. Momo da taliyar thukpa yawanci da naman yak ake yi, wani sa mai dogon gashi, ka nemi na ganye ko ka ci a wajen Musulmi. In aka miƙo maka chang kar ka karɓa, giyar sha'ir ce.

Mataki na bakwai: shiga gidajen ibadar

Da farko ka daidaita niyyarka, kallo ka zo da sanin tarihi. Ba wanda zai ce ka yi sujada ko ka kunna fitila ko ka juya abin addu'arsu, baƙi na kowane addini suna shiga su fita, naka kawai kar ka tare wa masu ibada hanya kuma kar ka yi dariya ko tsaki. In zuciyarka bata kwanta da shiga ɗakin gumaka ba ka tambayi malaminka tun a gida, kuma zaka iya tsayawa a harabar waje, abin gani a nan ma ya isa.

Ƙa'idojin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana zagayawa ne abin yana hannun damanka, akasin yadda muka saba a ɗawafi, har cikin ɗakuna haka ake bi, in ka juya zaka yi ta karo da tsofaffi. Cire hula da tabarau a ƙofa, mace mai mayafi ta yi magana da jagora tun a mota. Tsallake dokin ƙofa kar ka taka shi. Kar ka nuna gunki ko malami da yatsa, buɗe tafin hannu ake yi. Kar ka taɓa kan kowa ko da yaro ne, kar ka zauna kan shimfiɗar malamai. Hoto a cikin ɗaki ko an hana ko sai an biya, a waje ba laifi amma ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi. In ka ce tashi delek ka gaida mutum kenan, zaka ga fuska ta saki. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, don ciki duhu ne ga hayaƙin turare ga ƙaurin fitilun man shanu.

Potala, fadar Dalai Lama, ita ce wadda hotonta yake bayan takardar kuɗin Chaina ta yuan 50. Dalai Lama na 5 ne ya fara gina ta a 1645, hawa 13, ɗakuna sama da dubu, ɓangare fari na mulki da ja na ibada da kaburburan Dalai Lama da aka lulluɓe da zinariya, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1994. Kamfani ne yake kama maka tikiti da fasfonka kuma da lokaci a jiki, in aka ce goma da minti ashirin toh haka ne, ka makara ka rasa. Ba a shiga da ruwa ko laita ko wuƙa, matakala ce mai yawa a kan tsauni don haka kar a sa maka ita washegarin isowarka in da hali, kuma a lokacin cunkoso kusan awa ɗaya ake ba rukuni a ciki, jagora zai yi ta cewa mu je mu je. Gaskiya Potala yanzu ta fi kama da gidan tarihi, mai gidan baya nan tun 1959.

Jokhang ce zuciyar garin. Sarki Songtsen Gampo ne ya gina ta a ƙarni na 7, a ciki akwai gunkin Jowo da aka ce gimbiya Wencheng ta zo da shi daga Chaina, shi ne abin da 'yan Tibet suka fi girmamawa, akwai masu tahowa daga ƙauyuka masu nisa suna kwanciya rub da ciki suna tashi, taku uku su sake kwanciya, wata da watanni a hanya har su iso ƙofarta. Titin Barkhor da ya zagaye ta kasuwa ce kuma hanyar ibada, kafin ka shiga sai an saka jakarka a na'ura an duba fasfo. A cikin Lhasa da yamma bayan an gama jadawali an saba barin baƙo ya zaga Barkhor da gidajen shayi shi kaɗai, amma shiga manyan gidajen ibada sai da jagora.

Sai manyan makarantu uku na ɗariƙar Gelug masu rawayar hula. Ganden ta 1409 wadda Tsongkhapa mai ɗariƙar ya kafa da kansa, tana gabas da Lhasa kan tsauni mai kusan mita 4,300, an ragargaza ta lokacin juyin al'adu na Chaina na 1966 zuwa 1976 aka sake ginawa, ita ka bar ta sai ƙarshen zamanka. Drepung ta 1416 wadda a da almajiranta sun kai dubbai har ana lissafa ta cikin mafi girma a duniya, yanzu lunguna da yawa shiru. Sai Sera ta 1419, ita ce in lokacinka kaɗan ne kar ka bari ta wuce ka, saboda muhawarar da almajirai suke yi da misalin ƙarfe uku na rana a wani fili mai bishiyoyi da tsakuwa, ban da Lahadi. Ɗaya yana zaune ɗaya yana tsaye a kansa da carbi a hannu, ya jefo tambaya ya ɗaga ƙafa ya tafa hannu da ƙarfi tas, na zaune dole ya amsa nan take, in amsar ta yi rauni a taru a kansa ana ihu ana dariya. Mai kallo zai zaci faɗa ne, alhali darasin manɗiƙi ne da falsafa, da shi ake hawa har a kai matsayin geshe, wato babban digirinsu na malanta, bayan shekaru masu yawa ana karatu. Ka je da wuri ka samu gefe ka zauna, ba a shiga tsakiyarsu, kuma ka tabbatar an sa Drepung da safe Sera da rana, in aka juya ka rasa muhawarar.

Mataki na takwas: bayan Lhasa

Hanyar da aka fi bi ita ce ta tafkin Yamdrok zuwa Gyantse inda hasumiyar Kumbum ta ƙarni na 15 take, a kwana a Shigatse. A nan Tashilhunpo take, Dalai Lama na farko Gendun Drup ya kafa ta a 1447, mazaunin Panchen Lama, malami na biyu a daraja bayan Dalai Lama, da gunkin tagulla mai tsayin mita 26. Fasfonka ya zauna a aljihun gaba don shinge yana da yawa, wani jagora ne zai sauka da takardu wani kuma sai kowa ya sauko an ga fuskarsa. Zaka ga kuma direba yana tafiya a hankali ko ya faka a gefen titi ba dalili, ba lalaci ba ne, ana ƙayyade masa gudun mota da lokacin da zai isa shinge na gaba, in ya riga lokaci tara ce. Wannan tsayuwar ita ce damar sallarka da ɗaukar hoto. Otal ma ba kowanne aka yarda ya sauki baƙo ɗan waje ba, don haka kar ka ce ka ga wani mai araha a waya a kai ka can.

Mataki na tara: bakinka da wayarka

Hoton Dalai Lama na 14 haramun ne a can, haka tutar Tibet mai zakuna, haka littattafan da suke maganarsa. Share su daga waya da jaka kafin ka taso. Kar ka ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko shinge, jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma bar shi a gida. Bikin gawa da suke yi a kan dutse inda ake bar wa ungulu, an hana baƙi zuwa, kar ka roƙa.

Babban abin dai shi ne wannan, kai in ka yi laifi iyakaci a kore ka daga ƙasar, jagoranka shi ne zai rasa lasisinsa ko ya kwana a hannun hukuma, kamfanin a ci shi tara. Saboda haka kar ka tsare shi a gaban mutane ko a cikin mota da tambayar ina yaron da Dalai Lama ya ayyana a matsayin Panchen Lama a 1995, wanda hukuma ta ɗauke yana ɗan shekara shida ta naɗa wani, ko me ya sa sama da mutum 150 suka cinna wa kansu wuta tun 2009. Ka karanta waɗannan a gida don ka gane abin da idonka yake gani, irin su kyamarori da 'yan sanda a kan rufi da ƙwace laita a ƙofa, amma a can in shi ya fara magana ka saurara, in ya yi shiru ka bar shi da shirunsa. Kar ka sulale daga rukuni ka hau motar haya zuwa wani gari, kar ka karɓi wasiƙa ko saƙo daga wani ka ce zaka fitar masa. Kuma in ka dawo gida zaka yi rubutu kar ka sa sunansa ko hotonsa kusa da maganar siyasa.

WhatsApp da Facebook da Google basa aiki da layin Chaina, ka buɗe WeChat tun a gida don da shi zaka yi magana da kamfani, ka haɗa katinka da manhajar biyan kuɗi ta Alipay, ka riƙe tsabar yuan kuma saboda ƙauyuka da ɗan ihsanin da ake ba jagora da direba ranar rabuwa.

Mataki na goma: in aka rufe ko famit ya ƙi fitowa

Yana faruwa, wani lokaci siyasa wani lokaci ƙaddara, kamar girgizar ƙasar da aka yi a Dingri ranar 7 ga Janairun 2025 wadda ta sa aka rufe yankin Everest na wani lokaci. Shi ya sa tikitin jirginka na shiga Lhasa ya zama wanda ake iya canzawa, kuma kar ka yanke shi sai kamfani ya ce famit ya fito.

In abin ya ƙi gaba ɗaya tafiyarka bata mutu ba, domin 'yan Tibet da yawa suna zaune ne a wajen yankin da ake neman famit, a lardunan Qinghai da Gansu da Sichuan da Yunnan, kuma can bizarka kawai ta isa, ba dole sai da jagora ba. Wata Kumbum daban da ta Gyantse, gidan ibadar da 'yan Chaina suke cewa Ta'er, tana kusan kilomita 25 daga Xining, a wurin da aka haifi Tsongkhapa. Labrang ta 1709 tana garin Xiahe a Gansu, babbar makaranta ce mai almajirai da yawa, kuma hanyarta daga Lanzhou ta Linxia take bi, garin Musulmi mai masallatai birjik, kaga abinci da sallah sun zo da sauƙi. Songzanlin kuma tana Shangri-La a Yunnan. Su ma waɗannan akan rufe su wani lokaci musamman a Maris, kuma Larung Gar ta Sichuan an daɗe da hana baƙi zuwa, don haka kafin ka hau mota ka sa otal ɗin da zaka sauka ya tabbatar maka ana barin 'yan waje su shigo a wannan makon. Kuma Xiahe ma tana kusan mita 2,900, Shangri-La ta haura 3,000, maganar likita da gwajin jini tana nan yadda take.